Gishirin da Na Ce Ta Ƙara

Tainan, 4 ga Maris

Tsohuwata Mei-chu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Pei-shan da ƙarfin jiki, yaya jinjirin, yaya kuma gwiwar nan taki da matakalar gidansu? Ki gaishe mini da surukinmu. Na ga hoton da kuka turo. Kunnuwan yaron nawa ne, kada wani daga dangin ubansa ya ja da ni.

Na san za ki ce ga waya a hannu, me ya kai ni ga takarda. Shekara talatin da huɗu ina kai wa mutane wasiƙunsu, ki bar ni ni ma in aika tawa. Kuma in na kira, Pei-shan na gefenki tana jin komai.

Kin tambaya ko ina cin abinci. Ina ci, a waje, tunda mai girkin ta tafi Hualien zaman jego ta bar ni. Amma garin nan ya lalace, tsohuwa. Faten shinkafa da kifi na bakin kasuwa, wanda muke zuwa ran Lahadi, ya koma kamar kunun majinyaci. Sabon shagon taliyar nan da samari ke yi wa layi don su ɗauki hoto, na leƙa sau ɗaya. Ado ne kawai, kana ci kamar kana tauna zare.

Wanda ya fi ba ni haushi romon naman shanun A-Suat. Kin san tun ina aiki can nake karyawa kafin in hau babur. Tun da mijinta A-Hok ya rasu bara ita ke riƙe da tukunyar. Shekaranjiya muna zaune a gindin ceɗiyar gaban haikali, ni da Kang mai aski da Malam Yeh, sai Kang ya ce, "Kai mai harshen zinariya, gobe ina za mu karya?" Na ce, "Ko'ina ban da wajen A-Suat. A-Hok ya tafi kabari da romon, ya bar mata ruwan zafi." Suka yi ta dariya har Malam Yeh ya ƙware da shayi. Ni raha na yi. Sai dai kin san Kang, abin da ya shiga kunnensa da safe, kafin rana ta take tsaka ya zuba shi a kan mutum goma.

Akwai wani ɗan abu. Jiya na kunna wa iyayenmu marigaya turaren tsinke kamar yadda kika bar mini wasiyya. Ina ganin hayaƙi na tashi, amma ban ji ƙamshi ba. Ko jabu suka sayar mini? A wane shago kike saye? Ban san me ya sa abin ya tsaya mini a rai ba.

Ki kula da kanki.

Tsohonki,
Tien-lai

Tainan, 13 ga Maris

Tsohuwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jaririnta. Da fatan ruwan da aka ce ana yi a wajenku bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ran Talata na ɗora miyar nan da kika bar mini a firji, na koma falo da jarida. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Sai jin dukan ƙofa na yi, matar Tu maƙwabciyarmu na ihu, "Yaya Tien-lai, gidanka na ci da wuta!" Muka ruga kicin, hayaƙi ya turnuƙe, tukunyarki ta yi baƙi ƙirin. Ta kashe gas ɗin, ta juyo tana haki ta ce, "Tun daga bakin titi ake jin ƙauri, kai kana ciki ba ka ji ba?" Na ce mata barci ya ɗauke ni. Idona biyu, Mei-chu. Taku biyar ne tsakanina da tukunyar.

Da ta tafi na kulle ƙofa. Na buɗe man zafi na kai hanci, ban ji komai ba. Na daka tafarnuwa, shiru. Na shiga ɗaki na ɗauko ɗankwalin nan naki mai ruwan toka da kika rataye a bayan ƙofa, na cusa fuskata a ciki. Shekara arba'in na san ƙamshin kanki ko a duhu. Tsumma kawai na ji a fuskata. Na zauna a bakin gado.

Kin tuna yayana Tien-sung a bikin 'yarsa? Ana ta kawo abinci yana ta mita wai masu girkin ba su san aikinsu ba, muna yi masa dariya. Bayan shekara biyu ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Kin tuna yadda muka riƙa ba shi abinci a baki a ƙarshe, yana kallonmu, fuskarsa kamar an sassaƙa ta da itace. Tun ran Talata shi nake gani.

Ki dubi rubutun nan. Na ɗauko wasiƙun da na rubuta miki ina soja na gwada. Na yanzu ƙanana ne, kuma suna ƙara ƙanƙancewa in layi ya kusa ƙarewa, kamar tururuwa na shiga rami. Babban yatsana na hagu kuma, in na ɗora hannun a cinya ina kallon talabijin, sai ya riƙa motsi shi kaɗai. Ya fi wata uku. A aljihu nake ɓoye miki shi.

Ban je asibiti ba. Na je har ƙofa na juyo.

Sannan ga wani nauyin. In hancina ne ya mutu, ashe faten bakin kasuwa bai yi komai ba, romon A-Suat ma haka. Jiya da sassafe na bi ta gaban shagonta. Tebur shida gare ta, kuma a da a irin wannan lokacin sai ka tsaya jiran kujera. Mutum biyu na gani. Tana tsaye riƙe da ludayi tana kallon titi. Na tsallaka ɗaya ɓangaren na sunkuyar da kai.

Kada ki gaya wa Pei-shan, kar nononta ya ɗauke.

Naki,
Tien-lai

Tainan, 17 ga Maris

Mei-chu,

Da fatan kuna lafiya dukanku. Ban jira amsarki ba, don na yi abin da ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba.

Ɗazu da hantsi A-Suat ta zo gidan nan da fulas a hannu. Da na gan ta a ƙofa na ɗauka faɗa ta zo yi. Ina ma faɗan ne. Ta zauna a bakin kujera ta ce, "Yaya Tien-lai, maganarka ta iso ni. Ban ji haushi ba. Shekara talatin kana shan na marigayi, babu wanda ya fi ka sanin yadda yake. Ni ina ɗanɗanawa ina jin daidai ne, amma wataƙila bakina ne ya saba. Taimake ni ka gaya mini abin da ya ɓace."

Ta ce ƙashin wajen mahaucin da A-Hok yake saye take saye, albasa da rake da citta duk yadda yake sawa, awa takwas a kan wuta. Ta ce tukunya uku ta zubar a makon nan. Ɗanta na Taichung ya ce ta rufe shagon ƙarshen wata ta koma wajensa, tunda abin ya ƙi. "A bene hawa na goma sha huɗu suke, Yaya. Me zan yi a can, in riƙa ƙirga motoci?"

Ta zuba mini a murfin fulas ɗin. Na kurɓa. Zafi na ji, da ɗan maiƙo a leɓe, shi ke nan. Tana kallon bakina kamar mai jiran hukuncin alƙali. Kalma uku ce kawai, in ce mata hancina ya mutu. Amma in na faɗa mata, na faɗa wa Kang ke nan, na faɗa wa unguwa, kuma abin ya tabbata. Hannuna na hagu na rawa a aljihu. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, "Ƙara ɗan gishiri."

Ta yi mini godiya, Mei-chu. Har da rusunawa.

Tien-lai

Tainan, 29 ga Maris

Tsohuwata Mei-chu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da Pei-shan, da maigidanta, da ɗan saurayin da aka ce ya fara murmushi. Kunnena bai daina zafi ba tun kiran da kika yi mini daga bayan gida kina raɗa. Duk abin da kika kira ni na karɓa, har da tsohon banza.

Na je asibitin. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Pei-shan ba. Ta sa na yi tafiya a baranda tana kallo, na taɓa hanci da yatsa, na zana da'ira a takarda. Ta miƙo mini wasu 'yan kwalabe in shinshina in faɗi mene ne. Cikin goma sha biyu na gane ɗaya, shi ma canka na yi. Na tambaye ta, "Ciwon yayana ne?" Ta ajiye biro ta ce akwai alama, amma sai an ɗauki hoton kai ran tara ga watan gobe. Ta ce maganin yanzu ba irin na zamaninsa ba ne, mutane na yin shekaru suna harkarsu. Ta ce in zo da iyalina. Na gyaɗa kai kamar na yarda. Da na fito na rasa inda na ajiye babur, na yi ta zagaye, ashe a motar haya na zo.

Washegari na je gindin ceɗiya. Ban gama zama ba Kang ya daki kafaɗata ya ce, "Mai harshen zinariya, na sara maka! Na ce bari in je in gani da kaina. Romon A-Suat yanzu kamar ka kurɓi teku. A da ruwan zafi, yanzu gishiri, matar nan ta rikice." Malam Yeh ya ce shi ma ya daina zuwa saboda hawan jininsa.

Na ciro hannuna daga aljihu na ɗora a kan teburin dara. Suka zuba masa ido yana abinsa. Na gaya musu komai, turaren, tukunyar, fulas ɗin. Kang ya sake kallon hannun. Can ya ce, "Amma kai ɗan iska ne. Wata guda ina bin makaho yana nuna mini hanya." Ya juya baya yana fyace hanci, wai mura.

Zuwa wajen A-Suat ya fi zuwa asibiti wuya. Na same ta tana wanke kwanuka, ta riga ta ɗaure wasu kujerun da igiya. Na faɗa mata a tsaye. Ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta ce, "Wato ran da na zo gidanka ka sani?" Na ce na sani. Ta ajiye kwanon a hankali. "Kullum sai na tsaya gaban hoton A-Hok in ce ya yafe mini na ɓata masa suna. Na ɗauka hannuna ya mutu tare da shi. Ashe ƙalau nake." Ta yi kuka, ni kuma na tsaya kamar turke. Ban ce ta yafe mini ba, ban ga fuskar roƙon ba.

Da ta share ido ta nuna wata kujera a bakin ƙofa da ludayi ta ce, "Gobe ƙarfe shida ka zauna can. Duk wanda ya wuce ka gaya masa da bakinka. Bakin da ya kore su shi zai dawo da su."

Yau kwana biyar ina zama. Na faɗa wa masu shara, na faɗa wa 'yan kasuwa, na faɗa wa mutanen da na yi shekaru ina kai wa wasiƙa: ni ne ba ni da lafiya, romon lafiyarsa lau. Duk wanda na faɗa wa, sai ya kalli hannun kafin ya kalli fuskata. Kang na turo duk wanda ya aske. Jiya tebur huɗu sun cika. Ɗanta ya ce zai ƙara mata wata biyu ya gani. Ban sani ba ko zai isa, wasu sun riga sun saba da wani wurin.

Har yanzu ba ta yi mini magana in ba dole ba. Amma shekaranjiya na ɗaga cokali, romon ya zube mini a wando a gaban mutane. Ta ɗauke kwanon, ta dawo da shi a kofi mai mariƙi, rabi, ta ajiye ta koma kan tukunyarta. Tun ranar a kofi take ba ni.

Tsoro nake ji, Mei-chu. Ina jin sa da safe in ina ɓalle maɓalli, ina ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauke ni. Ina duba gas sau huɗu kafin in fita, in kai bakin titi in dawo in sake dubawa. Na ce miki ki zauna har yaron ya yi wata biyu, na janye. Ki gaya wa Pei-shan yadda kika ga ya dace, ki hau jirgin ƙasa kafin ran tara. Ba zan iya shiga injin ɗaukar hoton nan ba in babu ke a bakin ƙofa.

In kin iso, kafin mu je gida mu biya ta wajen A-Suat. Ki sha a gabana, a hankali, ki gaya mini yadda yake. Duk abin da kika ce zan yarda.

Tsohonki mai jiranki,
Tien-lai