Abin da Na Koya a Ɗakin Birai

Yaya, Auta ta sauka jiya da hantsi! Mace ce, kuma da ranta. Ki yafe mini, ko gaishe ki ban yi ba. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ciwon gwiwa?

Kin san ciki biyu 'yar nan tawa ta yi a baya, duka muka binne ba mu ji kukansu ba.

Shekara goma sha tara ke nan ina wanke kejin birai a gidan binciken nan, ni ke riƙe masu ciki idan likitoci za su ɗora musu na'urar dubawa. A allon na ga ɗan da ke ciki yana ɗaga ƙirji yana saukewa, yana koyon numfashi tun bai shaƙi iska ba. Na kuma sha ganin ƙirjin ya yi shiru alhali zuciya na bugawa. Sau da yawa bayan kwana biyu sai uwar ta haifi gawa. Wata ta rungume nata kwana huɗu tana duba masa gashi, ta hana ni karɓa.

Shekaranjiya na raka Auta da mijinta awo. Ma'aikaciyar ta ce zuciya ƙalau, mu tafi gida. Ni kuwa ƙirjin ɗan cikin nake kallo a allo, ko sau ɗaya bai motsa ba. Bakina ya suɓuce, na ce haka 'ya'yan birai ke yi kafin su mutu. Surukina ya fusata, wai na haɗa matarsa da biri a gaban jama'a. Auta ma ta kau da kai tana hawaye. Na ji kunya, Yaya, amma na ƙi tashi daga kujera.

Aka kira babbar likita. Ta ce wani lokaci barci ne kawai, amma ta zauna ta duba fiye da rabin awa. Daga nan ta ce ruwan ciki ya kusa ƙarewa, a shirya tiyata.

Ɗazu dai surukin ya kama hannuna ya kai ni bakin tagar ɗakin jarirai, muka tsaya tare.

Jaririyar ba ta fi tafin hannuna biyu ba, amma kukanta ya fi na kowa a ɗakin. Ki taho da kowa da kowa, har da masu goyo. Hawa na biyu, gado na uku daga ƙofa. Ku zo ku ga amaryata.

Ƙaninki,
Baban Auta