Bin Hanyar Ruwa da Yatsa

Baba,

Gaisuwa daga birnin Guadalajara. Yaya gwiwar taka? Yaya Mama da gonar dankali?

Lafiyata lau, idanuna ne kawai suka fara gajiya, kada ka gaya wa Mama. Aikina duba zanen wayoyin allon ƙwaƙwalwar na'ura kafin a ƙera shi. Nakan bi kowane layi da yatsa, kamar yadda muke bin hanyar ruwanmu da ƙafa tun daga kan dutse kafin ka saki ruwa. Rogelio abokin aikina yakan ce, "Ga 'yar manomi ta fito ban ruwa!" Jiya na gano kuskuren da zai ƙona allo dubu. Rogelio ya daina tsokanata.

Bana wa zai bi bayanka da shebur? Don Allah kada ka hau dutsen kai kaɗai.

'Yarka,
Nélida