Na Gama Tseren Keke, 'Yata Ta Fari Ta Bar Gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ba lallashi na zo nema ba.

'Yata ta fari ta kwashe kayanta ta bar gidana. Ban doke ta ba, ban zage ta ba. A wurin tseren keke ne, aka tambaye ni wa ya koya mini, na ƙi kiran sunanta.

Ni ban yi boko ba, murya na tura wa admin ta rubuta, in magana ta karkace ku yi haƙuri. A Deptford nake zaune, nan London, flat ɗin council, wato gidan hayar gwamnati, ina aikin shara da goge-goge a wani asibiti a Camberwell. Mijina ne ya kawo ni ƙasar nan, karatu ya zo, nan aka binne shi. Ya bar ni da yara biyu da Turancin da bai wuce na sayen tumatir ba. Na riƙe su, Allah Ya riƙe mu.

A garinmu, can gefen Gombe, ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Ana yaye yarinyar nan uwar mijina ta ɗauke ta. A hannunta ta girma, tana ce mata Inna, ni tana ce mini Anti. Sai da tsohuwar ta rasu aka kawo mana ita London, ta kusa shiga sakandare. Da ta ga yadda 'yan ajinsu suke da iyayensu, da kanta ta koma ce mini Mum, ban hana ta ba. Ni dai "ke" nake ce mata, in ina zancenta da wani in ce yarinyar nan. Ƙaninta Sadiq kuwa duk layinmu an san sunansa, saboda kiran da nake ƙwala masa ta taga. Haka na taso na gani. Ni ma 'yar fari ce, uwata ta mutu ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa zargin ba ta so na ba.

Bara waccan likita ya ce sukarina ya hau, in ban motsa jiki ba allura zan koma. Na ce masa wanda yake goge bene tun asuba wane motsi ya rage masa. Yarinyar ce ta kawo maganar keke. Ita ta daɗe tana yi, tana cikin wani kulob na mata masu hawan keken daji, irin mai ƙatuwar taya da ake shiga kurmi da tuddai da shi. Kowace Lahadi ta dawo da taɓo har wuya ina yi mata faɗa a kan injin wanki. Na ce ni da girmana, da wannan jikin? Ta ce Mum, matan da nake hawa da su akwai wadda ta girme ki, kuma ta fi ki ƙiba. Na ce Allah Ya shirye ki.

A wani fili kusa da gida muka fara, da sassafe kafin mutane su fito. Ita ta riƙe sirdin tana gudu a bayana, ni ina salati. Na faɗi ban san adadi ba. Ranar farko da ta sa mini hular kwano a kan hijabi, ta sunkuyo tana ɗaure mini igiyar a ƙarƙashin haɓa, numfashinta yana taɓa ni. Rabon fuskata da kusantar tata haka tun tana shan nono. Na kalli sama har ta gama.

Da ƙafata ta zauna sai ta kai ni dajin. Jirgin ƙasa muke shiga da kekunan. Shugabar kulob ɗin wata Baturiya ce Sandra, tsohuwar direbar bas, ita da sauran duk Aunty suke ce mini. Yarinyar ta koya mini in tashi daga sirdi in za a gangara, in mayar da jikina baya, kar in cafki birkin gaba da ƙarfi in ba haka ba keken zai jefa ni ta kai. Ya jefa ni ɗin. Tana gaba tana ce mini saiwa, Mum! Taɓo, Mum! Ni ina baya ina bin tayarta. In mun gaji mu zauna a kan kututture mu ci dambun nama. A dajin nan na san ashe ba ta son ɗanyar albasa, shekara da shekaru ina yanka mata tana ci don kar ta ɓata mini. A nan ta gaya mini ranar da aka kawo ta filin jirgi, ta zaci zan ɗaga ta sama, sai na karɓi akwatinta. Na ce akwatin yana da nauyi. Ta yi dariya, ni ma na yi.

Akwai wani gangare a dajin, tsaye yake kamar bango, ga saiwoyi ga duwatsu. Na sa masa suna Siraɗi. Kullum in mun zo sai in sauka in tura keken da hannu. Ba ta taɓa matsa mini ba, sai ta ce next time.

Da bazara kulob ɗin suka ce za a yi gasa a dajin, akwai ajin mata sabbin hannu. Yarinyar ce ta yi mini booking. Ita ma tana da nata tseren ranar, ajin manya, duk sanyin bara tana shiri. Da ta ga lokacin nata ya ci karo da nawa sai ta janye, ta ce za ta tsaya tana miƙo mini ruwa. Ta rage mini tsawon riga zuwa gwiwa don kar sarƙa ta kama, ta liƙa mini lamba a gaban keke.

Sadiq da bakinsa ya je ya gaya wa gwaggonsu Hajiya Rabi, yayar mijina, da take Tottenham. Ta kira ni ta ce uwar mata da keke a jeji, me za a ce a gida? Na ce a ce likita ne. Ta ce to sai ta zo ta gani da idonta. Ta zo kuwa, ita da ƙawayenta biyu, cikin leshi, da kular shinkafa, takalmansu suna nutsewa a laka. An kwana ana ruwa.

Ana busa usur kowa ya tafi ya bar ni. Zagayen farko na zame a kan saiwa, gwiwata ta fashe, na tashi. Na zo Siraɗi na sauka na tura. Na biyu ma haka. Duk lokacin da na wuce wurin da ake tsayawa yarinyar tana nan da gorar ruwa tana tsalle, muryarta ta dashe. A zagayen ƙarshe na iso saman Siraɗi ni kaɗai, ba kowa gabana ba kowa bayana. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ban sauka ba. Na tashi daga sirdi, na ja jiki baya, na saki. Tayar gaba tana faɗawa sunanta ya fito daga bakina, cikakke, da ƙarfi. Allah Ya yafe mini, ba salati na yi ba, ita na kira. Na kai ƙasa ban faɗi ba. Ba wanda ya ji sai itatuwa.

Mace ɗaya na wuce, ita ma sarƙarta ce ta tsinke. Amma da na shigo layin ƙarshe sai ka ce ni na ci, Turawa suna ta tafi. Mai lasifika ya taho wurina, ina jin hijabin ne da furfurar da ta leƙo suka jawo shi. Ya ce wa ya sa ki a wannan harkar, wa ya koya miki? Yarinyar tana tsaye dab da ni tana hawaye, ta buɗe hannuwa. Hajiya Rabi da ƙawayenta suna gabana sun zuba mini ido. Da Turawa ne kaɗai, ban sani ba, wataƙila da na faɗa. Amma dangin miji ne. Na nuna ta da baki na ce that girl. Ya ce ya sunanta? Na ce tambaye ta. Mutane suka yi dariya, sun zaci wasa ne. Ta matso za ta rungume ni, na miƙa mata keken, shi ta rungume. Sadiq ya zo da gudu, na cire lambar yabon da aka rataya mini, irin wadda ake ba duk wanda ya gama, na sa masa a wuya, na ce Sadiq ka ga uwarka yau? Hajiya Rabi ta ce madalla, ashe London ba ta cinye miki kunya ba, da ƙarfi ta faɗa.

Muka shiga jirgi muka dawo gida, ni da yarinyar. Da muka iso ta wanke kekunan biyu kamar kullum, ta sa wa sarƙa mai. Sannan ta same ni a kicin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kar in ce za in koya mata al'ada, ta sani, a cikinta ta girma. Ta ce a gidan Inna in uwarka ba ta kira ka ba akwai Inna, akwai gwaggo, akwai kawu, gida guda ne yake kiran sunanka har ka gaji da amsawa. Ta ce a nan fa? Inna ta mutu, Baba ya mutu, a wurin aiki ma lanƙwasa sunan suke yi. Ta ce kunyar kin taho da ita, amma mutanen da suke cike gurbinki kin baro su a can. Na ce da ba na son ki zan hau keke in shiga jeji da tsufana? Ta ce ita ba ta sani ba, ai likita ne ya ce in hau. Ta ce tserenta ta bari saboda ni, kuma a gaban ƙawayenta ta zama that girl.

Da na gaya mata abin da ya faru a Siraɗi da maganar ta mutu a nan. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, akwai sauran shinkafar Hajiya in za ki ci. Washegari na dawo daga aiki ɗakinta ba kaya, kekenta ba ya nan.

Zan faɗi gaskiya, ba kunya ce kaɗai ba. Ina tsoro. An raine mu a kan cewa abin da ka fito da shi fili shi ake ɗauke maka. Mijina sau ɗaya na taɓa yabonsa a gaban mata, a wani taron suna, shekarar ciwo ya kama shi. Na san ba addini ba ne, malamar islamiyyarmu ta faɗa mini, kwana ne ya ƙare. Kaina ya yarda. Amma yarinyar nan kowane mako tana gangara inda in an kuskure wuya ne zai karye, kuma ni na binne wanda zan iya binnewa.

Yanzu tana wurin Sandra. Ba ta ɗaukar wayata, ta Sadiq take ɗauka. Akwai wata gasa nan gaba kaɗan, ta mutum biyu-biyu, tun kafin wannan abin ta sa sunanmu tare. Yadda ake yi, ɗaya ya yi zagaye ya dawo, sauran suna cunkushe a wani shinge suna jira, duk hula iri ɗaya, duk taɓo, sai ka ƙwala kiran abokinka ya fito ya karɓe ka. Ta aiko Sadiq ya gaya mini ba ta yi cancel ba. Za ta zo, za ta tsaya a shingen. Amma "ke" ba zai fito da ita ba. Na ce ya tambaye ta in na faɗa mata a gida mu biyu fa? Ta ce a gaban mutane aka yi, a gaban mutane za a gyara.

Hajiya Rabi ta ce kar in bari 'yar da na haifa ta lanƙwasa ni, yau suna ne, gobe ban san me za ta nema ba, kuma ta ce wannan ma za ta zo kallo. Sandra ta ce ita ba ta gane ba, ba ni na raɗa mata sunan ba? Na ce ba ni ba ce, ubanta ne. Sadiq ya cire lambar yabon ya ajiye mini a kan firji, shi ma ya rage magana.

To 'yan uwa, ku da kuke 'ya'yan fari, musamman waɗanda suka girma a nan, da gaske abin yana ci muku rai haka, ko zuciya ce za ta huce? Iyaye mata, akwai wadda ta taɓa karya wannan abin bayan ɗa ya girma? Ya kika yi bakinki ya buɗe, kuma me ya biyo baya? In je in kira ta a gaban Hajiya Rabi duk abin da za a ce a gida a ce, ko in bar ta ta tsaya a shingen? Kar wanda ya ce mini in yi addu'a kawai, ina yi.

Ina nan Deptford, keke ɗaya ne a jingine a bakin ƙofa. Lahadin da ta wuce na je dajin ni kaɗai. Na tsaya a saman Siraɗi, na duba ba kowa, na gwada faɗin sunan da gangan don bakina ya saba. Bai fito ba. Na sauka na tura keken da hannu.