Ledar da Ta Ci Amanar Irin Waken Hajara

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke yin buhun ajiyar wake mai jan tambari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma injinka ya san hannuna. Sunana Sabo. Shekara goma sha tara na yi a gindin injin busa leda a kamfaninku, kafin ciwon gwiwa ya mayar da ni gida Toranke. Matata Hajara ta rasu bara da kaka, 'ya'ya duk suna birni. Ni kaɗai ne a gidan, shi ya sa na sami lokacin rubuta maka.

Na ɗaya. A zamaninmu, ledar cikin buhun nan da wata ƙwayar roba mai inganci da ake kira metalosin ake yin ta. Tun wurin haɗa ƙwayar ake sa wani sinadari da ke sa zaren robar ya fito daidai wa daida, sai ledar ta yi laushi amma ta ƙi yagewa. Kowane lebura ya san gwajinta: ka danna babban yatsa, ta miƙe ta yi fari, ba ta fashe ba. Iska ba ta shiga, ƙwaron wake ya mutu a ciki.

Na biyu. Hajara tana da wani irin wake ja da ta gada wurin kakarta, a tulu take ajiye shi da toka. Ni na raba ta da tulun. Na yi ta yi mata tsiya cewa zamani ya wuce toka, har ta haƙura. Waken da ta shuka na ƙarshe, ni na roro shi bayan an yi mata sutura. Na sayi buhunku a kasuwar Gaya, na juye irin gaba ɗaya na ɗaure. Ban danna yatsa ba. Wa yake gwada abin gidansu?

Na uku. Ƙa'idar buhun ita ce kada a buɗe sai ranar buƙata, na kuwa bi ta. Kullum na wuce sai in dafa buhun da hannu, kamar mai gaida mutum. Da hadarin farko ya taso na kwance, sai gari da ƙwari. Ledar ta tsage tun daga gindi. Na ja ta, ta yage kamar takarda. Tsofaffin ledoji aka narka aka cika ta da su, hannuna ba zai kasa gane wannan ba. Tambarin ne kawai bai canza ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, babu ma wanda zan ji kunyarsa.

Ba diyya nake nema ba, wannan iri ba ya kasuwa. Roƙona biyu ne: ku koma wa ƙwayar ta gaskiya, in kuwa ba za ku iya ba, ku cire tambarin, domin shi ya hana ni gwadawa.

Kwana uku na yi ina tsinta a faifai, na sami ƙwaya ashirin da uku da ƙwaro bai huda ba. Na shuka su a bayan ɗakin Hajara. Tulun kuma na wanke shi, ina tara toka.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama lafiya, Ya raba ka da ranar da za ka buɗe abin da ka amince wa ka tarar da gari.

Wassalam.

Tsohon leburanku,
Sabo, Toranke