Alhajin da Kuke Nunawa Mijina Ne, Kuma Zango Ba Lafiya Lau Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Labarai,
gidan talabijin ɗin da ake ce mana na kowa da kowa ne.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da ma'aikatanka, har da direban motar nan taku mai tambari a ƙofa, wanda bai taɓa barin lungunmu ba tare da ƙullin ƙosai ba. Da fatan iyali suna lafiya.

Sunana Adiza, mai koko da ƙosai a Tsohon Zangon Kumasi. Ba ka san ni ba, amma ka san hannuna. Duk sanda zaɓe ya matso kuka saka shirin nan na jin ra'ayin jama'a, akwai wani hannu mai awarwaro da ke tsame ƙosai daga mai kafin a fara magana. To, nawa ne. Ƙanwata da ke unguwar Tafo ta gane shi da tabon ƙunar babban yatsa, ta bugo min waya tana murna wai na fito a talabijin. Na tambaye ta ko ta ga fuskata, ta ce a'a, amma ƙosan ya yi kyau.

Bayan hannun sai ku nuna wani dattijo a kan benci, da farar babbar riga da carbi, a rubuta a ƙasa wai muryar mutanen Zango. Wannan mijina ne. Sunansa kun fi ni iya rubuta shi, ni Alhaji nake ce masa. A kansa na ɗauki alƙalami, kuma ba ƙararsa na kawo ba, taku na kawo.

Na ɗaya, yadda kuke zaɓen mutane. Na ji yarinyar nan taku mai riƙe abin magana, yarinya mai ladabi kuwa, tana faɗa wa wata mai sayen koko cewa su ba sa zaɓen kowa, duk wanda suka gamu da shi a hanya shi suke tsayarwa. Ban ce ta yi ƙarya ba. Amma ni da ke zaune a bakin hanyar bari in gaya maka abin da ke faruwa. Za ta tsayar da Sule mai walda. Sule yana da maganar da za ta cika buhu a kan ɗauke wuta, kullum da ita yake karya kumallo a wurina. Amma ga Alhaji zaune yana kallo, mutumin da ya halarci sunan Sule, ya kuma halarci sunan ɗansa. Sai Sule ya sunkuyar da kai, ya nuna benci da hannu biyu, ya ce ga babanmu can. Ta juya wajen Fusena mai ɗinki, wadda in ta fara surutu keken ɗinkinta ma ba a ji. Fusena ta ja mayafi ta rufe baki, ta nuna benci. Ko mutum goma ta tsayar, duk bencin nan za su kai ta.

Haka aka rene mu. Baƙo in ya zo da tambaya, wajen babba ake kai shi, kuma yaro ba ya buɗe baki a gaban sa'an ubansa. Ba na neman a canza wannan, da shi muke zaune lafiya. Abin da nake cewa shi ne, ku kuna tsammanin kun zagaya Zango, alhali Zango ne ya zagaya da ku ya ajiye ku inda ya saba ajiye baƙi. Ni kuwa ba a taɓa miƙo min abin maganar ba. Abin da ake ce min shi ne, Amariya, sake juya ƙosan nan, haske bai yi ba. Jikokina sun shiga makaranta, amma a wurinku har yau ni Amariya ce.

Na biyu, abin da Alhaji ke faɗi. Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da arewa, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Sai dai tun da na san shi bai taɓa gaya wa baƙo cewa wani abu ya lalace ba. Shekarar da motarsa ta kife, yana kwance a asibiti an rataye ƙafarsa sama, duk wanda ya zo dubiya ya tambaye shi jiki sai ya ce lafiya lau, sai godiya. Wannan mutumin kuka zaɓa ku tambaya me ke damun Zango. Me kuke so ya ce? Zai ce alhamdulillahi, Zango lafiya lau, samari su guji fitina, Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Haka ya ce a zaɓen da ya wuce, haka ya ce a wanda ya gabace shi. Da kun adana na farkon da kun huta da sayen man mota.

Kuma kada ka ɗauka bai san kan abin ba. Da ya ji labarin an fara ganin motarku a gari, sai a fito da farar rigar nan a kai wa mai guga. Ranar da kuka zo har turare yake fesawa. Na ce masa Alhaji, talabijin fa ba ta jin ƙanshi. Ya ce ni dai ban san komai ba.

Na uku, kuma ita ce ta hana ni barci: kwatar da ta ratsa ta bayan teburina. Gefe ɗaya ya rufta, ciki ya toshe, ruwan ya tsaya ya yi baƙi. Da rani wari ne da sauro. Da damina kuwa ba ta sallama, zaurenmu take shigowa, ta wuce har murhuna. A ranar irin wannan Alhajin nan naku mai lafiya lau shi ne ke naɗe wando, ya ɗora tabarmar sallarsa a ka, yana faɗa tun daga ɗan majalisar unguwa har zuwa manyan gwamnati a Ankara, babban birni, ba wanda yake bari. Da za ku zo da kyamara a lokacin da kun ji ra'ayin jama'a na gaskiya, sai dai rabinsa ba zai saku a talabijin ba.

Mai ɗaukar hotonku ya san kwatar nan, kada ya ce bai sani ba. Zuwansu na ƙarshe ƙafarsa ɗaya ta zurma ciki har idon sawu. Ni na ba shi ruwa da sabulu ya wanke takalmi, na ƙara masa da koko don ya huce. Da ya gama sai ya ja bencin Alhaji ya juya shi yadda bangon masallaci zai fito a baya, shi kuma ya ba kwatar baya. Hoton ya yi kyau, ban musa ba.

Ga abin da kyan hoton ya jawo min. Mu matan lungu muka haɗu muka je wurin ɗan majalisar unguwarmu a kan kwatar. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya zaro wayarsa yana murmushi, ya kunna mana Alhaji. Ya ce Hajiya, mijinki da bakinsa ya gaya wa Ghana duka cewa Zango ba matsala, to shi wa zai gaskata, maigida ko uwargida? Matan suka juyo suna kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan haka sai ga duba-gari, waɗanda muke ce wa tankas. Sun ce ba a sayar da abinci a bakin ruwa irin wannan, kuma gaskiyarsu. Sun ce in damina ta sake sauka kwatar tana haka, in ɗauke teburina. Ranka ya daɗe, a wurin nan nake suya tun ina amaryar gaske. Da kaskon nan na ciyar da yara lokacin da Alhaji ke kwance, da shi aka yi musu makaranta, farar rigar da kuke so ɗin ma daga cikinsa ta fito. In an tashe ni ina zan nufa? Kasuwar Kejetiya ba ta da wurin tsohuwa mai murhu, kuma masu sayen kokona ba za su hau motar haya ta torotoro da asuba su bi ni ba. Tsoro nake ji, na faɗa maka ba ɓoye-ɓoye.

Na yi wa Alhaji magana, ba sau ɗaya ba. Ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna a gaban duniya ya tona wa unguwarsa asiri ba. Na san har zuciyarsa haka yake gani, kuma ba na so ya zama wani mutum daban a wannan shekarun. Aikinsa ya rufa asiri. Ku ne aikinku ya zama tambaya.

Don haka ga roƙona. In kun zo, ku fara gaishe da Alhaji, wannan dole ne. Sannan ku ce masa, Baba, ka ba mu izini mu ji ta bakin yaranka. Zai ba ku, domin bai iya hana baƙo komai ba. Da izinin nan a hannunku ku koma wajen Sule da Fusena, za ku ga bakin da ya buɗe, sai dai ku zo da batir mai yawa saboda Fusena. Ku tambayi mata kuma, mu ma ana shafa mana tawada a yatsa ranar zaɓe. Wanda kuka ɗauki hannunsa, ku ɗaga kyamarar kaɗan ku ga ko akwai kai a sama.

Amma da yake na san halinku, ban zauna jiran amsa ba. Na gaya wa Alhaji cewa inuwa ta fi kyau a ƙarƙashin bishiyar nan ta bakin kwata, kuma ba ƙarya na yi ba, ta fi. Ni da Fusena muka ɗauki bencin muka mayar can, daidai inda gefen ya rufta. Ƙafafunsa na ƙarfe ne, sai Sule ya zo da injinsa ya haɗe su da rodin da ya fito daga simintin, wai don kada ɓarayi su ɗauka. Alhaji ya sa masa albarka. Yanzu can yake zama, da carbi a hannu ɗaya, hankici a ɗayan yana toshe hanci. Shi ba ya karatun boko, kuma duk ɗan Zangon da ya karanta masa wannan takarda, kada ya sake miƙo min hannu neman gyara.

To ku zo, muna maraba. Ku tambaye shi me ke damun Zango. Zai gyara riga ya ce lafiya lau, ku bar shi ya faɗa, haƙƙinsa ne. Sai dai a wannan karon duk ta inda mai hotonku ya juya, kwatar tana ciki, bencin kuwa ba ya ɗaguwa.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya raba ka da sharrin 'yan siyasa, ya tsare ƙafar mai hotonka. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, ya kuma sa damina ta same ni a bakin kaskona.

Wassalam, daga mai hannun nan,
Adiza mai ƙosai,
Tsohon Zango, Kumasi.