Alƙalamin Elijah

Juma'a, 5 ga Fabrairu, 1988
Gidan bidiyon Rufa'i a Jega, bayan la'asar. An kawo sabon kaset na ɗan leƙen asirin nan, na goma sha nawa ma oho. Sun canza jarumi. Wanga ba ya dariya, kamar an ɗura mai maɗaci. Motar dai ta yi. Labarin kuwa ɗumame ne: mugu ya kama shi, maimakon ya kashe sai ya tsaya surutu. Alƙalami mai harbi ne ya burge ni.

Gado mai dakon albasa ya ce mini, "Kyauta, wai da gaske ne?" Na ce har garinmu akwai irinsu.

Litinin, 8 ga wata
Aliero. Elijah malamin gona na zagaya fadama shina rubuce-rubuce. Na raɗa wa Gado, "Ga naka nan. In ya danna gindin alƙalamin can, kai gawa ne, gonarku kuma ta gwamnati." Gado ya saki buhu ya faɗa rami. Har cikina ya ƙulle don dariya.

Laraba, 10 ga wata
Magana ta kai har ƙauyen Sabiyal. Wai rediyon Elijah da Legas yake magana. Ba ni na faɗi wannan ba, amma ya fi nawa daɗi.

Alhamis, 11 ga wata
Mutane sunka tare Elijah bakin fadama. Ya ciro alƙalamin don ya nuna musu ba kome, ya danna. Gado ya sauke mai ƙotar fartanya a hannu. Yatsu uku. Tawada kawai ta fito.
Na yi dariya. Kowa ma ya yi, da farko.

Asabar, 13 ga wata
Dorothy matar Elijah ta tsai da ni. "Ɗana, ka ga abin da anka yi wa babanku? Da mi zai rubuta?" Na ce Allah shi sawwaƙe.
Gado na hannun 'yan sanda. Bai ambaci sunana ba. Sakarai.

Juma'a, 19 ga wata
Na sake kallon kaset ɗin. Mutum goma sha ɗaya jarumin ya zubar, na ƙirga. Ba a nuna wanda ya kwashe su ba, balle matansu. Aibin fim ɗin ke nan. Na fito kafin ya ƙare, zafi ne ya dame ni.
Na tambayi Rufa'i ko 'yan sanda na sauraron mutum in ya kai kansa. Ya ce mi ya faru.
Tambaya ce kawai.