Na Yanka Rigar Daidai Jikinta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji, kabarinki da haske da yalwa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma magana ta cika mini ciki, kuma a unguwarmu ta Briqueterie yau duk wadda na buɗe baki zan gaya wa, ta riga ta yanke mini hukunci. To, ke zan gaya wa. Zan sa wasiƙar a waya, masu leƙe su karanta, ba ɓoyo nake yi ba.

Inna, mun shiga vakans, babban hutun nan da malamai ke hutawa iyaye su shiga uku. Ba ki ga jikokinki ba, bari in nuna miki su. Akwai 'yar farina, takwararki, muna ce mata Ummi. Shekararta bakwai, haƙoran gaba sun zube, magana kamar rediyo. Sai tagwaye, Hassan da Usaini, 'yan shekara uku. Su in kin ji shiru, tashi ki duba, ɓarna ake yi.

Kin san ɗinki na gada a wurinki. Shagona ɗan ƙarami ne a bakin ƙofar gida, kuma wannan ne lokacin da kowace uwa ke kawo yadin kayan makaranta tana cewa kafin a koma. Ƙafata na kan keke, idona ɗaya kan allura, ɗaya kan kwatar da ke gaban shago. Yayyafin Yaoundé ba ya barin yaro ya yi wasa a waje sai ya dawo da jar laka har kunne. Hassan ya cinye mini rabin alli. Usaini ya tura maɓalli a hanci, na goya shi na yi asibiti da silifas waɗanda ba ɗaya ba. Babansu kuwa, tun la'asar yana wurin tukubar tsirensa, da safe barci yake rama. Ba na ganin laifinsa, amma hannu biyu Allah ya ba ni.

Ana cikin haka Yaya Dudu ta sauka. Yayar babansu ce, daga Ngaoundéré, ta zo sarin kaya a kasuwar Mokolo. Mutuniyar kirki ce, ba zan yi mata ƙarya ba. 'Ya'yanta duk sun yi aure, gida ya yi mata faɗi. Ta dube ni rannan ina tuƙa tuwo da yaro rataye a kowace ƙafa, ta ce, "Dije, kin rame. Ba ni Ummi ta yi mini hutun nan, ki sha iska."

Inna, na ce to. Gajiya ce ta amsa, ba ni ba. Na dai yi tunani a raina, in sauƙi ake nema mini, ai tagwayen za a ɗauka, ba wadda ta fara jin aike ba. Amma Ummi ta ji an ambaci jirgin ƙasa, sai tsalle take, ta bi layi tana gaya wa kowa har mai wake da fanke.

Kashegari Yaya ta dawo daga kasuwa da atamfa mai kyau, ta ajiye mini kan keke, ta ce in ɗinka wa yarinya riguna na tafiya. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Ki yi su da girma. Ki bar kalmasa mai yawa a ƙasa, yara ba sa jimawa."

Almakashi na hannuna, na kasa buɗe shi. Hutun wata biyu, wane yaro ne ke tsawon da sai an sake masa kalmasa?

Na san wannan maganar, Inna, a ɗakinki na fara jin ta. Ni ma hutu aka ce. Gwaggo Mairo ta zo daga Garoua, kika ɗinka mini riguna uku, shuɗiya da ja da mai ganye-ganye. Na sa shuɗiyar ina juyi, ina jin ƙasanta da nauyi yana dukan ƙwaurina, ban san ninki ne kika tara a ciki ba. A tashar jirgi ba ki rungume ni ba. Kika gyara mini ɗankwali, kika ce, "Ki ji magana." Kika juya tun jirgi bai tashi ba.

Na tafi da giɓi a bakina kamar na Ummi, na dawo na fi ki tsawo.

Gwaggo ba ta cuce ni ba. Na ci, na sha, na yi karatu. Amma duk shekara, idan hutu ya zo na fara haɗa kayana a leda, sai ta ɗauko reza ta zaunar da ni, ta farke kalmasar riga ta sake mata tsawo. Sai wani sabon layi ya fito a ƙasa, launinsa bai koɗe ba, saman riga kuwa duk ya sha wanki. Da haka nake gane bana ma ba tafiya. Da na dawo gida ƙannena suna kallona kamar baƙuwa, ni da ke muna gaisawa kamar surukai. Ba mu gama sabawa ba ciwo ya kwantar da ke.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na kira Ummi, na auna ta, kafaɗa, ƙirji, tsawo. Na yanka atamfar daidai jikinta, ban bar ko faɗin yatsa biyu ba. Da Yaya ta zo karɓa ta ɗaga rigar ta juya cikinta, ta dube ni. Na durƙusa kamar yadda kika koya mini, na ce ta yi haƙuri, Ummi ba za ta je ba. Na ce in Allah ya hore mana, mu duka za mu zo mata, mu duka mu dawo.

Daga nan aka buɗe mini littafi. Ɗa na kowa ne. Zumunta a ƙafa take. Wai Ummi 'yar ƙanin Yaya ce, ta fi ni iko da ita. Wanda ya fi yi mini zafi shi ne na matan layinmu, wai ba ni da kara, wai ina aka taɓa ganin uwa ta tsaya tana jayayya a kan 'yar fari, abin da ko sunanta bai kamata in kama ba. Yaya ta tafi ba ta yi mini sallama ba. Babansu ya koma cin abinci a wurin sana'a, gaisuwa ma sai da ƙyar. Ya ce na kunyata shi gaban wadda ta goya shi. Na ce masa na ji, kuma na ba shi haƙuri, amma haƙurin bai haɗa da yarinyar ba.

Ita kanta Ummi ta yi kwana biyu ba ta kula ni. Ta shige ƙarƙashin teburin yanka tana kuka, ta ce na hana ta jirgi, ta ce ni muguwa ce. Wannan ya shige ni, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Amma gara ta ce mini muguwa tana ƙarƙashin teburina, da ta gaishe ni da ladabi ta wayar wani.

Su ce ba ni da kara. Karar nan na ga abin da ta ci mana, ni da ke. Na fi so in rame. Allurai su ɓace, alli ya ƙare a cikin Hassan, masu kayan makaranta su zo su yi mini tsiya a bakin shago. Hutu ne, zai wuce kamar yadda na bara ya wuce. Yanzu da hantsi nakan zuba musu ƙyallaye a tabarma, Ummi na ɗinka wa 'yar tsanarta zane, tagwaye na faɗa a kan murfin kwalba. Ran Juma'a in rufe shago in ja su a ƙafa har unguwar Tsinga mu dawo, su gaji su yi barci, ni ma in miƙe bayana. Ba tsari ba ne na a zo a gani, amma da yamma in na ƙirga kawuna, uku nake samu.

Na daɗe ina jin haushinki, kin sani ko ba ki sani ba. Sai ranar da na riƙe atamfar nan na tuna wani abu. Duk lokacin da Gwaggo za ta farke rigata sai ta yi mita, ta ce, "Wannan uwar taki kamar da gayya ta ɗinke." Reza har dakushewa take. Da ina yarinya ban gane ba. Yanzu ni tela ce. Kalmasar da ake nufin a farke, sama-sama ake kama ta, zare ɗaya, a ja ya fita. Ke kuwa bi kika yi kika sake bi, ƙanana-ƙanana, kamar mai ɗinkin da ba ta so a taɓa buɗewa. Bakinki bai iya cewa a'a ba, kina da goyo ga wani cikin, ga dangin miji a kanki. Hannunki ne ya faɗa. Ban ji ba sai bana.

Saboda haka a'ar da na ce rannan, ba tawa ba ce ni kaɗai. Na faɗa da ƙarfi ne don ta ishe mu mu biyu.

Yau da safe Ummi ta sa rigar za ta je sayo mini zare. Har ta fara ɗaga mata a gwiwa, ta ce, Mama, ta kusa yi mini kaɗan. Na ce ta bari ta yi. Ga ni, ga keke.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya huci zuciyar Yaya Dudu da ta ƙaninta. Ya raya mini yaran nan a gaban idona. Ya haɗa ni da ke a inda ba jirgin da ke raba uwa da 'ya, kuma ranar ki kira ni da sunana ko sau ɗaya.

Wassalam.

Taki ta fari,
Dije
Briqueterie, Yaoundé